Gotha: ƙasar da rabon gado ya haifa, rabon gado kuma ya wargaza

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni cewa ya ji kafin gidan sarautar Ingila ya koma amsa sunan Windsor, sunansa Saxe-Coburg da Gotha ne. Yana so ya sani, wannan Gotha ƙasa ce ko gari, kuma ta yaya wurin da sai an ƙura ido ake ganinsa a taswira ya riƙa haifar wa Turai sarakuna?

Malam, duka biyun ne. Gotha gari ne a yankin Turingiya, tsakiyar Jamus, mutanensa yau wajen dubu 45. Ya kuma taɓa zama fadar wata ƙaramar ƙasa mai sarkinta, da kuɗinta, da sojojinta, daga 1640 zuwa 1825. Sarautar mai ƙasar ita ce Herzog a bakin Jamusawa, amma a nan zan riƙa ce masa sarki don sauƙi. Sai dai ba za ka gane labarin ba sai ka cire taswirar Jamus ta yau daga ranka. A wancan zamani ƙasashe wajen 300 ne a ƙarƙashin inuwar Kaisar, wato babban sarkin daular, wasu manya kamar Babariya, wasu kuwa mai doki zai ratsa su kafin azahar. Kaisar na da girma da kotuna biyu da ake kai ƙara, akwai kuma majalisar daula, amma haraji da shari'a da makaranta da coci duk suna hannun sarkin kowace ƙasa.

Abin da ya yi ta ƙara yawan waɗannan ƙasashe shi ne gado. Mu a wajenmu idan sarki ya rasu, a raba gonakinsa da dawakinsa, amma ba a raba sarauta, mutum ɗaya ake naɗawa. Gidajen sarautar Jamus da yawa kuwa sun ɗauki ƙasar kanta a matsayin dukiyar uba, kowane ɗa namiji na da haƙƙi a ciki. Babu gidan da wannan al'ada ta yi wa illa kamar reshen Ernst na gidan Wettin. A 1485 wasu 'yan'uwa biyu, Ernst da Albrecht, suka raba ƙasar Saksoni a Leipzig. Zuriyar Ernst ce ta samu kujerar zaɓen Kaisar, wadda masu mulki bakwai kaɗai ke da irinta. Su ne suka tsaya wa Martin Luther, malamin da ya saɓa wa cocin Katolika ya assasa tafarkin Furotesta, suka ɓoye shi a ganuwar Wartburg a 1521. Tsayawar nan ta ja musu. A 1547 Kaisar Charles na Biyar ya ci su da yaƙi a Mühlberg, ya karɓe kujerar zaɓen da babban yankin ƙasarsu ya miƙa wa ɗan'uwansu na reshen Albrecht. Kalmar Saxe da ka gani a gaban sunayensu ragowar wancan girma ne: kowannensu na kiran kansa sarkin Saksoni, ko da abin da ya rage a hannunsa bai wuce gari ɗaya da ƙauyukansa ba.

Ɗan wanda aka kayar, Johann Friedrich na Biyu, bai haƙura ba. Ya ba wani jarumi mai suna Wilhelm von Grumbach mafaka, alhali daula ta riga ta halatta jininsa, ya yi hakan ne saboda Grumbach ya yi masa alkawarin dawo masa da kujerar ubansa. A 1567 rundunar daula ta kewaye Gotha. Aka yi wa Grumbach gunduwa-gunduwa a tsakiyar kasuwar garin, aka rushe ganuwar Grimmenstein da ke kan tudu har ƙasa, aka tafi da sarkin Ostiriya inda ya mutu a tsare a 1595. Tudun nan ya zauna kufai shekara 76.

Mutumin da ya sake gina shi, kuma ya kafa ƙasar da kake tambaya, shi ne Ernst wanda ake wa laƙabi da Mai Tsoron Allah. An haife shi a 1601, cikin 'ya'yan sarkin Weimar maza masu yawa. Samartakarsa duka ta faɗa cikin Yaƙin Shekara Talatin, 1618 zuwa 1648. Ya yi kanar a rundunar sarkin Suwidin, Gustav Adolf, yana fagen Lützen a 1632 ranar da aka kashe sarkin. Ƙanensa Bernhard ne ya yi suna a yaƙi. Shi Ernst da aka ba shi riƙon yankin Würzburg da aka ci, sai aka ga hankalinsa ya fi karkata ga makarantu da lissafin baitulmali. Bayan kayen da aka yi wa Furotesta a Nördlingen a 1634 ya ajiye takobi. A 1640 shi da 'yan'uwansa biyu suka raba gado: Wilhelm ya ɗauki Weimar, Albrecht ya ɗauki Eisenach, Ernst ya tashi da Gotha.

Abin da ya gada ba abin murna ba ne. Turingiya na kan hanyar rundunoni, kowa ya wuce sai ya kwashe hatsi da dabbobi, annoba ta biyo bayansa. A wurare da yawa rabin jama'a ko fiye sun tafi, gonaki sun koma daji. Ga sarki babu ko fadar kwana, sai da ya zauna a wani gini a kasuwar garin. Yaƙin ma da sauran shekara takwas.

A nan ne nake ganin labarin ya fi daɗin tsayawa. Abin da Ernst ya fara yi shi ne aika masu bincike gari-gari, ƙauye-ƙauye, daga 1641, su zauna da fasto da malamin makaranta da magidanta su yi ta tambaya: wa ya iya karatu, wa ya san rukunan addininsa, wa ke zuwa coci, me ake biyan malami, rufin makaranta na yoyo ko a'a. A fahimtarsa yaƙin fushin Allah ne a kan mutanen da suka jahilci addininsu, don haka maganin yaƙi shi ne karantarwa. Ko ka yarda da wannan fassara ko ba ka yarda ba, ga abin da ta haifar. Ya ɗauko wani malami mai suna Andreas Reyher ya ba shi shugabancin babbar makarantar Gotha, a 1642 kuma suka fitar da dokar makaranta. Kowane yaro, namiji da mace, na birni da na ƙauye, zai shiga makaranta daga shekara 5 har wajen 12, ba ya fita sai an jarraba shi an ga ya iya. Aji uku ne. Ana koyar da karatu, rubutu, lissafi, waƙar coci da tambaya-da-amsa ta addini. Hutun kirki ɗaya ne, lokacin girbi. Uban da ya hana ɗansa zuwa, a ci shi tara. Daga baya Reyher ya ƙara wani ɗan littafi kan abubuwan duniya: tsirrai, jikin ɗan Adam, yanayi, awon fili. Ka ƙiyasta ɗan manomi a 1660 ana nuna masa yadda ake auna gona da igiya a cikin aji.

Ba Gotha ce ta fara wajabta makaranta ba, Weimar inda Ernst ya tashi ta yi irin wannan doka tun 1619. Bambancin shi ne a Gotha an bi dokar da ƙafa. Ana buga littattafan a garin, ana zagayen duba makarantu, ana rubuta sunan wanda bai zo ba. Har aka riƙa cewa manoman Ernst sun fi masu sarautar wasu wurare ilimi. Manya ma ba su tsira ba, domin wanda aka tambaya ya kasa amsa abin da ya shafi addininsa, sai a mayar da shi gaban fasto ya sake koyo, ko da furfura a kansa.

Kada ka ɗauka aljanna ce. Mulkin Ernst mulki ne mai leƙen tukunyar kowa. Dokoki sun ƙayyade irin tufafin da talaka zai sa, da yawan baƙin da za a gayyata biki, da lokacin da za a tashi daga gidan giya. Akwai waɗanda aikinsu shi ne kai rahoton halin maƙwabta. A zamaninsa an ƙona mutane a kan zargin maita, kamar yadda ake yi a sauran yankin. Mutane sun yi masa laƙabin da ke nufin Ernst Sarkin Addu'a, kuma ba kullum da yabo ake faɗarsa ba. Ni dai ina ganin ƙanƙantar ƙasar ce ta sa duka biyun suka yiwu, alherin da takurawar. Sarkin da ke iya sanin sunan kowane fasto a ƙasarsa zai iya gyara rufin kowace makaranta, zai kuma iya sanin wanda ya yi fashin coci ran Lahadi.

A 1643, yaƙi bai ƙare ba, ya aza harsashin sabuwar fada a kan kufan Grimmenstein. Tsohon sunan na nufin Dutsen Fushi, shi kuwa ya sa wa tasa Friedenstein, Dutsen Salama. Idan ka tsaya a ƙofarta ta arewa ka ɗaga kai, za ka ga sassaƙen mata biyu sun rungumi juna, Salama da Adalci, da rubutun 1650 mai cewa zaman lafiya na ciyarwa, rashinsa na cinyewa. Ginin fari ne, ƙato, babu ado a waje, fukafukai uku sun kewaye wani fili mai faɗi. Girman nan ba don alfahari kaɗai ba ne. Ernst ya tara gwamnatinsa duka a ƙarƙashin rufi ɗaya: ɗakunan iyalinsa, coci, ofisoshin shari'a da na kuɗi, maƙerar kuɗi, ɗakin makamai, ɗakin littattafai, ma'ajiyar takardu. Sarki zai iya fitowa daga ɗakin kwanansa ya leƙa magatakarda ba tare da ya taka ƙasa ba. Wani yaron fada da ya taso a gabansa har ya zama babban jami'insa, Veit Ludwig von Seckendorff, ya rubuta littafi a 1656 kan yadda ake tafiyar da ƙasar sarki a Jamus. Gotha ya kalla ya rubuta, kuma an yi kusan shekara ɗari ana koyar da ma'aikatan gwamnati da shi.

Wani abu da zai ba ka mamaki ya faru a wannan fada a 1652. Wani masani ɗan Erfurt, Hiob Ludolf, ya haɗu a Rum da wani malamin cocin Habasha, Abba Gorgoryos, ya koyi harsunan Ge'ez da Amhara a wurinsa. Ernst ya gayyaci malamin, ya zo Gotha ya yi 'yan watanni, ana zama da shi ana tambayarsa addinin ƙasarsa da sarautarta da al'adunta. Daga wannan zama ne Ludolf ya samu tushen littattafansa, waɗanda suka kafa nazarin Habasha a Turai. Gorgoryos bai koma gida ba, jirgin ruwansa ya nutse a 1658 a hanyarsa ta komawa. Ernst ya so ƙulla zumunci da Habasha, a 1663 ya tura wani almajirin Ludolf mai suna Wansleben. Mutumin ya isa Masar, bai wuce nan ba, ya juyo ta Rum ya zama ɗan Katolika. Ga sarkin da ya gina komai nasa a kan tafarkin Luther, ka san wannan ba ƙaramin takaici ba ne.

Gadon da ya ba shi ƙasa ya yi ta ƙara masa ita. Albrecht ya rasu a 1644 ba ɗa, Ernst ya samu rabin Eisenach. A 1660 ya samu kaso a ƙasar Henneberg. A 1672 zuriyar Altenburg, gidan surukansa, ta yanke da mutuwar wani yaro ɗan shekara 14, kashi uku cikin huɗu na ƙasar, har da Coburg, ya faɗo hannunsa. Lokacin da ya rasu a 1675 shi ne babba a duk reshen Ernst, baitulmalinsa kuma da kuɗi a ciki, abin da ba kasafai ake samu ba a wancan ƙarni.

To, a nan gizo ke saƙar. Matarsa Elisabeth Sophie ta haifa masa 'ya'ya 18, maza bakwai suka rayu bayansa. Ernst ya san illar raba ƙasa, amma zuciyarsa ba ta yarda a ba babba komai a bar ƙanne hannu rabbana ba, domin a ganinsa duk 'ya'ya ɗaya ne a gaban Allah. Sai ya yi wasiyya su zauna gandu: ƙasa ɗaya, fada ɗaya, babban wa Friedrich na jan ragama da sunan kowa. Duk wanda ya ga gandu bayan rasuwar maigida ya san inda za a ƙare. Maza bakwai, wasunsu da matansu 'ya'yan sarakuna, kowace da barorinta, a gida ɗaya. Shekara ɗaya ba ta cika sosai ba suka fara ficewa, kowa ya koma garin da ake ba shi kuɗin shigarsa. A 1680 da 1681 aka raba a rubuce. Friedrich ya riƙe Gotha da Altenburg, Albrecht ya samu Coburg, Bernhard Meiningen, Heinrich Römhild, Christian Eisenberg, Ernst ƙarami Hildburghausen, autansu Johann Ernst kuma Saalfeld. Shi Friedrich da ya ɗanɗana, a 1685 ya kafa dokar cewa a gidansa babban ɗa kaɗai ke gadon ƙasa.

Kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan sai da ya gina fada, ya ɗauki makaɗa da dogarai da 'yan majalisa, da harajin da bai fi na gunduma ɗaya ba. Christian na Eisenberg ya zuba dukiyarsa a neman sirrin mayar da ƙarfe zinariya, ya mutu a 1707 bashi ya yi masa katutu. Uku daga cikinsu, na Coburg da Eisenberg da Römhild, sun mutu ba magaji namiji, sauran suka yi ta shari'a a kan gadonsu daga 1699 har 1735. Hildburghausen ta ci bashi har a 1769 Kaisar ya naɗa kwamitin da ya karɓe baitulmalin, ana yanka wa sarkin kuɗin cefane. Coburg-Saalfeld ma haka ta same ta a 1773. Ka riƙe wannan sunan na ƙarshe, za mu dawo kansa.

In kana son ganin yadda abin ya koma, dubi yaƙin Wasungen. A fadar Meiningen wasu mata biyu suka yi jayayya a kan wadda za ta riga shiga zauren cin abinci. Ɗaya matar babban jami'in farauta ce, von Gleichen, ɗayar kuma, von Pfaffenrath, 'yar babban gida ce da ta auri wanda bai kai ta asali ba. Sarki Anton Ulrich, wanda shi ma talaka ya aura, ya goyi bayan ta biyun. Ta farkon ta ƙi, ta yaɗa takardar cin mutunci, aka kulle ta da mijinta. Kotun daula ta ce a sake su, sarki ya yi kunnen uwar shegu, sai kotu ta umarci sarkin Gotha ya zartar da hukuncin. A 1747 sojojin Gotha suka shiga garin Wasungen suka zauna har shekara ta gaba. Laftana ɗaya ya mutu. Abin dariya ne, amma ka lura da abu guda: mace ta kai ƙarar sarkinta wata kotu da ke sama da shi, kuma ta yi nasara. Wannan rumfa ta daula ita ce ta hana manya haɗiye ƙanana har zuwa 1806 da Napoleon ya rushe ta.

Ita Gotha kanta ta fi 'yan'uwanta tsayuwa. Ta yi hayar sojojinta ga Holan da Kaisar don samun kuɗi, sana'ar da ƙananan sarakunan Jamus da yawa suka yi. A hasumiyar yamma ta Friedenstein aka gina gidan wasan kwaikwayo a shekarun 1680, da injin katako da igiyoyi a ƙarƙashin dandamali, wanda ke sauya bangon wasa daga daji zuwa fada kafin ka ƙifta ido sau biyu, kuma har yau yana aiki. Shahararren marubucin Faransa Voltaire ya sauka a fadar a 1753. Daga 1763 aka fara buga kundin shekara-shekara na asalin gidajen sarautar Turai a garin, har kalmar Gotha ta zama ma'aunin wanda ya isa a aura. Sarkin Gotha Ernst na Biyu ya gina ɗakin duban taurari a tudun Seeberg, inda masana taurari na ƙasashe suka yi taro a 1798. Wani matafiyi, Ulrich Jasper Seetzen, ya yi ta saye wa fadar littattafan Larabci na rubutun hannu a Halab da Dimashƙa da Alƙahira kafin ya mutu a Yaman a 1811, shi ya sa ɗakin littattafan Gotha ke cikin manyan ma'ajiyar irin waɗannan littattafai a Jamus. Akwai ma inda garin ya taɓo mu. Kamfanin ɗab'i na Justus Perthes da ke Gotha shi ya buga labarin tafiyar Heinrich Barth, wato Abdulkarim da ya shiga Kano a 1851, juzu'i biyar a 1857 da 1858, da taswirorin da August Petermann ya zana a garin. A can kuma aka buga tarin kalmomin Hausa da Barebari da Fulatanci da ya tattara.

Saura batun aure, wanda shi ne ainihin tambayarka. Waɗannan gidaje na da abu biyu da manyan ƙasashen Furotesta ke nema: jininsu na sarauta ne cikakke, tsoho, kuma ba su da ƙarfin da za su tsoratar da kowa. A lokacin majalisar Ingila ba ta yarda sarkinta ya auri 'yar Katolika ba, kuma suruki mai babbar runduna matsala ne. 'Yar ƙaramin sarkin Turingiya ta cika sharaɗi ba ta zo da rigima ba. Tun 1736 Augusta 'yar sarkin Gotha ta auri yariman Ingila mai jiran gado, ita ce ta haifi Sarki George na Uku.

Zuriyar Gotha ta maza ta yanke a 1825. A 1826 aka sake rabo, sai sarkin Coburg-Saalfeld, jikan jikan autan nan Johann Ernst, daga gidan da aka taɓa karɓe wa baitulmali, ya saki Saalfeld ya karɓi Gotha. Daga nan sunan Saxe-Coburg da Gotha ya fito: ƙasa ɗaya mai yanki biyu da ba su haɗa iyaka ba. Ƙanensa Leopold ya zama sarkin Beljiyam na farko a 1831. 'Yar'uwarsu ce ta haifi Sarauniya Victoria ta Ingila, Albert ɗan shi sarkin Coburg da Gotha kuma ya auri Sarauniyar a 1840, auren 'yan wa da ƙanwa. Ta wurin Albert sunan ya shiga gidan Ingila, ɗansu Edward na Bakwai ya hau da shi a 1901.

Shekara 16 kawai sunan ya yi a kan gadon. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko akwai wata masana'antar taragon jirgin ƙasa a Gotha da ta koma ƙera jiragen sama masu jefa bam, kuma sunan garin aka sa wa jiragen. Ranar 13 ga Yuni 1917 suka kai hari Landan da rana tsaka, mutum 162 suka mutu, 18 daga ciki yara ne a wata makarantar firamare. Jaridu na rubuta cewa Gotha ta kashe yara, sarki kuma na amsa sunan Gotha. Ranar 17 ga Yuli George na Biyar ya sanar da cewa daga yau sunan gidansa Windsor. Sarkin Coburg da Gotha na ƙarshe, Carl Eduard, jikan Victoria ne da aka haifa a Ingila, ya sauka a Nuwamba 1918. A 1920 mutanen Coburg suka bi Babariya, Gotha kuma ta shiga jihar Turingiya.